Jujin da Ba Ya Zama Taki

A gidanmu na Tasawa, in damina ta ƙarato, babana kan ɗaura amalanke ya kwashe juji zuwa gona. Toka, kashin awaki, ɓawon gujiya, duk su ruɓe su koma hatsi. Shi ya sa da na karanta tarihin Arlit na tsaya cak a kan kalma guda: me za mu kira abin da aka tara can? Shara? Bola? Juji? Ai duka ukun da zaton ruɓewa muke faɗinsu.

Ga yadda aka yi. A 1971 kamfanin SOMAIR ya soma fitar da ƙarfen iraniyom a Arlit, a 1978 COMINAK ya bi baya da ramin Akuta. Niƙa dutsen ake yi, a jiƙa shi da asid, a tsame ƙarfen; a da kuma akan ɗauke shi zuwa Kwatano ya hau jirgin ruwa. Dusar kuwa nan take zama. Ranar 31 ga Maris 2021 da aka rufe Akuta, dusar da ta taru ta kai wajen tan miliyan 20, tsibi-tsibi a sarari. Tana fitar da iskar radon mai lahani ga huhu, kuma radiyom ɗin cikinta sai ya shekara 1,600 kafin rabinsa ya ƙare. Wuta ba ta cin ta, ruwa ba ya wanke ta. Dabarar da aka tsayar ita ce a lulluɓe ta da yumɓu da duwatsu kaurin metir 2, a ci gaba da auna iska da ruwan ƙasa.

To, a ce an lulluɓe. Wa zai gaya wa makiyayin da zai zo bayan shekara dubu kada ya gina rijiya a nan? Amurka ma ta taɓa cin karo da wannan tambaya kan sharar nukiliyarta. A 1984 masanin harshe Thomas Sebeok ya ce rubutu kaɗai ba zai isa ba, don harshe sauyawa yake; sai an riƙa sabunta gargaɗin, a kuma sa shi cikin al'ada da tatsuniya. Na yarda da shi. Ni kaina wasiƙar ajami ta kakana da ƙyar nake karanta ta, alhali ko shekara ɗari ba ta yi ba.

Kun ga kenan, ƴan'uwa, allon Faransanci a bakin shinge ba zai riƙe amanar ba. Sai gargaɗin ya shiga bakin mutane, da Tamashek da Hausa, kuma ba ya shiga ba tare da suna ba. Ni dai a takarduna na fara rubuta "jujin guba", ko da yake na san rabin sunan ƙarya ne.