Masu Jinyarmu: Daga Wankin Miki Zuwa Rajistar Gwamnati

A wannan biki na shekara 50 ya kamata mu tuna da masu jinyarmu. Tun a shekarun 1930 'yan mishan na SIM suke kula da kutare a Amanawa, lokacin da Gusau, Tsafe da Bungudu duk suna cikin Lardin Sakkwato. A zamanin nan, a bakin aiki mutum yake koyon wankin miki da yin allura.

Amma kyakkyawar zuciya kaɗai ba ta auna magani daidai. A 1947 gwamnati ta kafa Majalisar Ma'aikatan Jinya ta Nijeriya, aka buɗe rajista. A 1979 Doka ta 89 ta haɗa ta da Hukumar Ungozomomi. Ka'idar ita ce, ba mai amsa sunan nas sai ya gama makarantar da aka amince da ita, ya ci jarrabawa, ya karɓi lasisi. Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, wannan ka'ida asibitocinmu suka gada.

Saboda haka muna roƙon 'ya'yanmu, kada su sa farar riga ba takarda. Ran majinyaci amana ce.