Hattara da Kura: Tarihin Yadda Kwamfuta Ta Haɗiye Mana Haruffa

Yau zancenmu a kan allon madannai ne, wato kibod ɗin da ke gaban kowace kwamfutar ofis. Za mu bi sawun yadda aka yi abin nan ya zo mana babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ.

Mu fara da dalilin da ya sa abin ya dame mu. A ce akawu a wata masana'anta a Sharada zai buga gargaɗi ga ma'aikata: "Hattara da ƙura." Kibod ɗinsa ba shi da ƙ, sai takardar ta fito "Hattara da kura." A ƙofar shiga kuma, "An hana baƙi shiga" ya koma "An hana baki shiga." Wannan dai dariya za a yi a wuce. To amma a kwalin kaya fa, inda "ranar ƙarewa" ta zama "ranar karewa"? Ƙafa da kafa, gaɓa da gaba, ɓata da bata, duk ƙugiya ɗaya ce ta raba su. Wanda ya saba yana gane nufi daga jimlar. Wanda yake koyon karatu yanzu, shi ake bari a rana.

To daga ina aka faro? Kafin Turawa su ci Kano a 1903, Hausa tana da rubutunta na Ajami, da alƙalamin kara da tawada. Bokon Hausa ya kafu ne a hannun 'yan mulkin mallaka. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sa wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nassarawa a 1909, kuma a 1912 ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da haruffan Latin. Tun a lokacin aka ga haruffan Turanci 26 ba su ɗauke sautukan Hausa ba. Aka yi ta dabaru, wani ya sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, wani ya maƙala masa alama a gefe. Sai a shekarun 1930 aka tsaya a kan haruffa masu ƙugiya, zamanin da Rupert East yake jagorantar aikin talifi a Zariya, inda Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939, Abubakar Imam yana editanta.

Maɗaba'a tana iya sa a zubo mata haruffan ƙarfe na musamman. Ƙaramin ofis ba shi da wannan gatan. Shi tafireta yake saya, ita kuwa tafireta an tsara ta ne a Amurka. Jerin nan na QWERTY aikin Christopher Sholes ne, kamfanin Remington ya fara sayar da injin a 1874, don masu rubuta Turanci. Da Bompai ta zama unguwar masana'antu ta farko a Kano, daga baya Sharada da Challawa mai kamfanonin jima suka biyo, irin waɗannan injinan ne suka cika ofisoshinsu. Leburori suna aiki da Hausa, takardar ɗaukar aiki da ta albashi suna fitowa da Turanci. In ta kama a buga Hausa, sai mai bugun ya gama ya ɗauki biro ya bi yana ɗora ƙugiyoyi da hannu, ko kuma ya bar su haka nan. A shekarun 1980 Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta yi yunƙurin samar da haruffa na bai-ɗaya ga harsunan Nijeriya, har fitaccen mai zanen haruffa Bajamushe Hermann Zapf ya sa hannu, aka ƙera tafireta mai ɗauke da su. Sai dai lokacin ita kanta tafireta kwananta ya kusa ƙarewa.

Kwamfuta ta gaji matsalar, ta ƙara tata. Tsarin ASCII na 1963 gurbi 128 kacal ya tanada, Turanci da lambobi da alamomi suka cinye. A nan Kano, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro samfurin haruffa masu ƙugiya a shekarun 1990, irin su Rabi'at, marubuta da masu ɗab'i suka samu sauƙi. Cikas ɗin irin waɗannan samfura shi ne aron gurbin wata alama suke yi. In ka kai rubutunka kwamfutar da ba ta da samfurin, sai ƙ ɗinka ta rikiɗe ta zama wata alama daban. Maganin dindindin shi ne Unicode, wanda ya fito a 1991 ya ba kowane harafi lambarsa ta kansa. Haruffanmu suna ciki tun farko. Ke nan kwamfuta ta san ƙ sama da shekara 30, madannin ne kawai ba a zana mana ba.

Ajami kuma nasa ya fi tsanani. Kibod ɗin Larabci an yi shi ne don Larabcin Gabas, mu kuwa salon Magariba muka gada, inda fa take da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. A 2016 Unicode ya ware wa siffofin Afirka na fa da ƙaf lambobinsu, a 2017 kuma ƙungiyar SIL ta fitar da samfurin Alkalami da aka kwaikwayo daga rubutun hannu na Kano. Ku tuna a 2007 aka cire Ajami daga ƙananan takardun naira. Rubutun da babu shi a kibod, abu ne mai sauƙi a ce ya tsufa.

Hatta hanyoyin yanke na kibod da Turanci aka gina su. Ctrl da C, ai C ɗin harafin farko ne na kalmar kwafa a Turanci. Ctrl da S na adanawa haka, Ctrl da P na bugawa haka. In ka juya kibod zuwa Larabci, madannin C hamza ce a kan wawu, na V kuma ra ce, sai dai hannunka ya haddace gurbin. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram kuwa kibod ɗin Faransa suka gada, mai farawa da AZERTY, inda A da Z suka sauya wuri. Su kuma suna rubuta ƴ a inda mu muke rubuta 'y. Harshe ɗaya, kibod biyu, babu wanda aka yi dominsa.

To me za mu yi yau? Windows yana da kibod ɗin Hausa a cikin saitin harsuna. Ka ƙara shi, sannan ka riƙa sauyawa da madannin Windows haɗe da dogon madannin tazara. A Microsoft Word kuma akwai yanke: rubuta 0199 ka danna Alt da X, ƙ za ta fito. Lambar ɗ 0257 ce, ta ɓ 0253. Manyansu kuwa, Ƙ 0198, Ɗ 018A, Ɓ 0181. A waya ma in ka zaɓi Hausa a Gboard, suna nan.

Matasa masu aikin zane da buga kwalaye da lebur na kayan da ake sarrafawa a Sharada da Challawa da Bompai, a hannunku abin yake. Kaya daga Kano suna shiga Nijar, Chadi da Kamaru, duk rubutun da kuka ɗora musu shi yara za su gani su ɗauka daidai ne. In za ku karɓi aikin Hausa, ku sa ƙugiya. In ku ne masu ba da aikin, ku duba kafin a buga dubu goma.

A shiri na gaba za mu shiga tarihin masaƙun Kano da abin da ya durƙusar da su. Ku tura wa abokanku masu shagon kwamfuta wannan. Mu kwana nan, sai mun sake haɗuwa.