Ikko Ko Legas? Asalin Sunan Birnin Da Ke Cin Tumatirinmu

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Kwanar Gafan lokacin kakar tumatir ya ga yadda ake jera kwanduna a bayan manyan motoci, kuma da yawansu ba za a sauke su ba sai a bakin teku, bayan tafiyar kimanin kilomita 1,000. Dattawanmu kan ce kayan sun tafi Ikko, matasa kuwa su ce Legas. Na taɓa jin wani ɗan makaranta yana yi wa kakansa gyara a kan wannan, shi ya sa na ga ya dace mu bi diddigin sunayen biyu, domin tsohon ne ya fi kusa da asali.

Waɗanda suka fara zama a wurin su ne Awori, wani reshe na Yarbawa, masunta da manoma. Tarihin baka ya nuna cewa shugabansu Olofin ya zauna a Iddo, ɗansa Aromire kuma ya haye tsibirin da ke tsallaken ruwa ya yi gonar barkono. A kan wannan gona aka gina fadar sarkin garin, Iga Idunganran, wadda har yau sunanta ke tuna barkonon. Mai karatu ya duba wannan abin mamaki: birnin da muke kai wa tattasai da attaruhu, shi kansa daga gonar yaji ya faro.

Daga nan masana suka rabu biyu. Wasu sun ce Eko ta samo asali daga "oko", wato gona da Yarbanci. Wasu kuma sun ce kalmar mutanen Benin ce mai nufin sansanin yaƙi, domin a ƙarni na 16 dakarun Sarkin Benin sun yada zango a tsibirin, har gidan sarautar garin ya riƙa kai gaisuwa Benin. Ko wanne ne daidai, Eko ɗin ce fataken Hausa suka ji a bakin masu gari, harshensu ya mai da ita Ikko, kamar yadda Ibadan ta zama Badun.

Legas kuwa baƙuwa ce. Turawan Fotugal ne suka iso gaɓar a wajen 1472, suka kira ruwan da ke kewaye da tsibirin "lago", wato tafki, jam'insa "lagos". Akwai ma wani gari mai wannan suna a kudancin ƙasarsu. Sunan ya kafu sosai bayan Ingilishi sun yi wa garin ruwan wuta a 1851, suka tuɓe Sarki Kosoko suka mayar da Akitoye, sannan ɗansa Dosunmu ya sa hannu a takardar miƙa musu garin a 1861. Birnin ya zama hedikwatar Nijeriya daga 1914, har zuwa 12 ga Disamba 1991 da gwamnati ta koma Abuja.

Hannun Bahaushe a wannan tarihi ba na jiya ba ne. A 1863 wani hafsan Ingila, John Glover, ya tara wasu Hausawa da suka kuɓuta daga bauta ya yi 'yar runduna da su a Ikko, kuma daga gare ta rundunar sojan Nijeriya ke ƙirga asalinta. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, sai fataken goro da na shanu suka cika Agege, Hausawa suka yi unguwanni da sarakunansu. Namu rabon ya zo ne bayan kammala madatsar Tiga a 1974, lokacin da ruwa ya fara bin kwaroron Kadawa da Kura da Bunkure, noman rani ya bunƙasa, 'yan gwari suka kama hanyar kudu.

Kasuwar da suke sauke kaya ma sunanta awon hanya ne kawai: Mil 12 a kan titin Ikorodu, tamkar Miltara ta hanyar Katsina. A can ne rikicin watan Maris na 2016 ya ci rayuka, aka rufe kasuwar na makonni, alhali tumatir ba ya jiran sulhu a cikin kwando.