Satar bayanai a kamfanin intérim: haƙƙin ma'aikaci da matakan kare kai

Kamfanonin samar da ma'aikatan wucin gadi, waɗanda ake kira intérim da Faransanci, su ne ƙofar farko ta samun aiki ga 'yan ci-rani da dama a Faransa, ciki har da 'yan Nijar, Kamaru da Chadi masu aikin gini, sito, shara da girki. Kafin su tura mutum aiki sai sun karɓi kwafin fasfo ko takardar izinin zama, lambar sécurité sociale, adireshi, lambar waya da takardar RIB mai ɗauke da lambar asusun banki. Duk abin da ɗan damfara yake buƙata don ya ci kuɗi da sunan wani yana cikin fayil guda.

Abin da ya faru da ma'aikatan Adecco

A watan Nuwamba 2022, dubban mutanen da suka taɓa rajista da kamfanin Adecco a Faransa sun tarar an cire yuro 49.85 daga asusunsu, kimanin sefa 32,700, da sunan wani kamfanin da ba su sani ba. Bincike ya nuna cewa wani matashi mai koyon aiki a wani reshen Adecco ne ya sayar da lambobinsa na shiga rumbun bayanai. An fara shari'ar waɗanda ake zargi a birnin Lyon a watan Yuni 2025, kuma mutanen da abin ya shafa sun haura 72,000. Ɓarayin sun zaɓi ƙaramin kuɗi ne don kada masu asusun su lura.

Haƙƙin da doka ta bayar

Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, RGPD, ta fara aiki ranar 25 ga Mayu 2018. Ba ta duba ƙasar mutum: baƙo da ɗan ƙasa haƙƙinsu ɗaya ne muddin kamfanin yana da mazauni a Tarayyar.

Kamfanin da aka yi wa kutse dole ya sanar da hukumar CNIL cikin sa'o'i 72 daga lokacin da ya gano, kuma idan haɗarin babba ne ya sanar da mutanen da abin ya shafa ba tare da jinkiri ba. Ma'aikaci yana da damar rubuta wa kamfanin ya nemi kwafin duk bayanan da aka ajiye a kansa, kuma wa'adin amsa wata ɗaya ne. Yana iya neman a goge su, sai dai akwai takardun da doka ta tilasta a riƙe, kamar kwafin takardar albashi da ake ajiyewa shekara 5. Idan kamfanin ya yi shiru, ana kai koke CNIL kyauta ta intanet.

CNIL tana cin tara, amma ba ta biyan diyya. Diyya a kotu ake nemanta, a ƙarƙashin sashe na 82 na RGPD. A watan Disamba 2023 Kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa fargabar a yi amfani da bayanan mutum ta mummunar hanya tana iya zama cutarwar da ta cancanci diyya, idan mai ƙara ya tabbatar da ita.

Matakan gaggawa

Na farko shi ne banki. Da lambar IBAN ɗan damfara yana iya ƙirƙirar izinin cirar kuɗi na jabu, wato prélèvement. Cirar da mai asusu bai yarda da ita ba, yana da wata 13 ya ƙalubalance ta a mayar masa da kuɗinsa. Ana iya roƙon banki ya toshe wanda ya ciri kuɗin, ko ya tsara jerin waɗanda kaɗai aka amince musu.

Na biyu, shigar da ƙara a ofishin 'yan sanda ko jandarma, a kuma adana takardar shaida. Amfani da sunan wani laifi ne da dokar Faransa ta tanadar wa ɗaurin shekara 1 da tarar yuro 15,000. Da wannan takarda mutum zai nuna cewa ba shi ya ci bashin da aka ci da sunansa ba. Babban bankin ƙasar, Banque de France, yana ba kowa damar duba ko an sa sunansa a rajistar masu matsalar bashi ko ta caki.

Na uku, taka-tsantsan da waya. Wanda ya saci fayil ya san sunan mutum, bankinsa da wurin aikinsa, don haka kiransa yakan yi kama da na gaskiya. Banki ba ya tambayar lambar sirri ta waya. A canza kalmomin sirri, a fara da na imel. Lambar 116 006 tana ba waɗanda aka cuta shawara kyauta.

Masu aika takardu daga gida

Mai neman aiki da ya tura takardunsa daga Yamai, Garwa ko Njamena zuwa kamfanin da ke Faransa, RGPD ta rufe shi. Idan kuwa kamfanin na gida ne, dokar ƙasar ce ke aiki: Nijar tana da hukumar HAPDP, Ghana tana da dokarta tun 2012, Najeriya tun 2023, Kamaru kuma ta samu tata a watan Disamba 2024. Kafin a miƙa kwafin fasfo, yana da kyau a rubuta a kansa kwanan wata da sunan kamfanin da aka ba, domin kwafin ya yi wa wani wuyar amfani.

Bayanan da suka fita ba sa dawowa, kuma ana iya amfani da su bayan shekaru. Shi ya sa duba asusu kowane wata da adana wasiƙar kamfanin, amsar banki da takardar ƙara suke da muhimmanci ko da ƙura ta lafa.