Tarihin Harhaɗa Bindiga a Gundumar Guilford ta Amurka

Pleasant Garden wani ɗan ƙaramin gari ne a kudu da birnin Greensboro, cikin gundumar Guilford ta jihar Karolina ta Arewa a ƙasar Amurka. A garuruwa irin wannan ba abin mamaki ba ne a tarar da mutum, manomi ko ma'aikacin ofis, zaune yana nazarin takardun 'yan kasuwa don ya zaɓi bututu da ƙota da kunama, ya harhaɗa wa kansa bindiga a gida. Wanda ya ji haka daga nesa zai ɗauka sabon abu ne. Alhali kuwa tun fiye da shekara 200 da suka wuce ake harhaɗa bindiga daga sassa daban-daban a wannan gunduma. Abin da ya sake shi ne yawan gwanintar da aikin yake bukata, kuma wannan sakewa ita ce ta jawo gardamar da har ta kai gaban Kotun Ƙoli.

Sunan gundumar ya fara fita duniya ne ta hanyar yaƙi. Ran 15 ga watan Maris na 1781 rundunar Janar Nathanael Greene ta 'yan neman mulkin kai ta gwabza da ta Ingila a ƙarƙashin Cornwallis, a kusa da kotun Guilford. Ingilishi ne suka riƙe filin daga, amma sun yi hasarar wajen kashi ɗaya cikin huɗu na mutanensu. Daga cikin waɗanda suka yi musu ɓarna akwai maharba masu dogayen bindigogin farauta, waɗanda aka yi wa cikin bututunsu zane a murɗe don dalma ta fita tana juyawa, ta tafi nesa ba ta kauce ba. Don tunawa da Greene aka raɗa wa Greensboro suna da aka kafa shi a 1808.

A ƙarni na 19 sana'ar ƙera irin wannan bindiga ta kafu a Jamestown, wani gari da ke yamma da Pleasant Garden a bakin kogin Deep. Mutanen ɗariƙar Quaker ne suka kafa garin, su kuwa mutane ne da addininsu ya hana su yaƙi, amma bindigar farauta a wurin manomin wancan zamani kayan aiki ce kamar gatari. Maƙera masu yawa suka yi suna a wurin, irin su William Lamb da Thaddeus Gardner, sana'ar kuma ta ɗore har farkon ƙarni na 20.

To, ko a lokacin ba kasafai maƙeri ɗaya yakan yi dukan sassan da hannunsa ba. Maƙyastin, watau ɗan injin da ke buga dutse ko hula ya tayar da albarushi, galibi sayensa ake yi wurin 'yan kasuwa, da yawa kuma daga Birmingham ta Ingila ake kawo su. Bututu ana huda shi ana goge shi da injin da ruwan rafi yake juyawa. Ƙota kuwa daga katakon dajin wurin ake sassaƙa ta. Aikin gwani shi ne ya sa waɗannan abubuwa su zauna da juna, ya yi ta sassaƙa yana goga da magagari har kowane sashe ya shige gurbinsa. Saboda haka kunamar wannan bindiga ba ta shiga waccan, in kuwa wani abu ya karye sai an koma wurin maƙeri. Wanda ya san yadda maƙeran ƙasar Hausa suke yin adaka da harbi-ruga ya san irin wannan aiki. Shekara da shekaru yaro yakan yi a gaban maigidansa kafin ya iya, wannan ya sa masu yin bindiga ba su da yawa, kuma kowa ya san su a gari.

Hukumomin soja su ne suka fara ƙosawa da wannan hali, domin a fagen fama ba a jiran maƙeri. A 1785 Thomas Jefferson, yana jakadan Amurka a Faransa, ya ga wani maƙeri mai suna Honoré Blanc ya zube sassan maƙyastai a gabansa, duk wanda aka ɗauka sai ya dace da ɗan'uwansa. A 1798 Eli Whitney ya karɓi kwangilar bindiga 10,000 daga gwamnatin Amurka, daga baya kuma ya yi ta shelar cewa ya iya wannan dabara, amma bai gama biyan kwangilar ba sai 1809, masana kuma sun gano sassan nasa ba su musanyuwa yadda ya faɗa. Wanda ya cim ma abin sosai shi ne John Hall, a ma'aikatar makamai ta Harpers Ferry. A 1826 masu bincike suka kwance bindigoginsa 100, suka cakuɗa sassan, suka sake ɗaurawa, duka suka zauna daidai. Daga nan gwaninta ta fara barin hannun maƙeri tana komawa cikin inji da ma'auni.

Maƙeran Guilford sun ɗanɗana wannan bambanci a yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865. Jihar ta ba kamfanoni irin su Mendenhall, Jones da Gardner kwangilar bindigogin soja, a Greensboro kuma aka ƙera wata gajerar bindiga ta Jere Tarpley wadda ake ɗura ta ta baya. Amma abin da suka iya fitarwa kaɗan ne in an gwada da manyan ma'aikatun jihohin Arewa. Bayan yaƙin bindigogin inji masu araha suka cika kasuwa, maƙerun Jamestown suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya.

Bindiga mai ɗura kanta, watau wadda ke fid da harsashi ɗaya duk sa'ad da aka ja kunama sannan ta ɗura na gaba da kanta, ita ma akwai hannun mutumin Karolina ta Arewa a tarihinta. David Marshall Williams an ɗaure shi a 1921 saboda kisan wani ɗan doka da aka yi sa'ad da aka kai samame inda yake dafa barasa a ɓoye. A maƙerar gidan yari ya yi ta gwaji da tarkacen ƙarfe har ya samo hanyar da hayaƙin harsashi zai tura wani ɗan guntun ƙarfe ya motsa injin bindiga. An sake shi a 1929. Kamfanin Winchester ya yi amfani da dabararsa a cikin bindigar M1 Carbine, wadda aka ƙera fiye da miliyan 6 a Yaƙin Duniya na Biyu.

Amma wadda ta mai da harhaɗawa aikin kowa ita ce AR-15, wadda Eugene Stoner da abokan aikinsa suka tsara a kamfanin ArmaLite a shekarun 1950. Kamfanin Colt ya sayi tsarin a 1959, sojan Amurka suka ɗauke ta da sunan M16, Colt kuma ya fitar da mai harbi ɗai-ɗai don farar hula. Da haƙƙin mallakar tsarin ya ƙare a 1977, sai kamfanoni barkatai suka shiga yin sassanta bisa ma'auni guda. Har kamfanin Ruger ya buɗe ma'aikata a 2013 a Mayodan, arewa da Greensboro. Aikin da a dā yake cin shekarun koyo ya koma na zaɓe da ɗaurawa.

Wannan ya sa tilas doka ta amsa wata tambaya: in sassa duka ana sayar da su ɗai-ɗai, wanne ne bindigar? Dokar tarayya ta 1968 ta ce uwar bindigar, watau akwatin da sauran sassa ke ɗafe da shi, ita ce bindiga. Ita ake buga wa lamba, kuma tun 1998 mai sayenta wurin dillali mai lasisi sai an binciki sunansa a rajistar hukuma. Sauran sassa ana sayensu kamar kayan gyaran mota, ko da yake bututun da bai kai inci 16 ba yana da nasa sharuɗɗa, kuma tun 1986 an hana ƙera wa farar hula sabuwar bindiga mai ɓarin wuta.

Sai 'yan kasuwa suka samo kafa, suka riƙa sayar da uwar bindiga wadda ba a ƙarasa ba, ba lamba, ba bincike. A 2013 wani mutum da hukuma ta taɓa hana shi sayen bindiga ya harhaɗa irin wannan, ya kashe mutum 5 a Santa Monica ta jihar Kalifoniya. A 2021 'yan sanda sun kama wajen 20,000 marasa lamba a faɗin ƙasar. A 2022 gwamnati ta fid da ƙa'ida cewa irin waɗannan kaya su ma sai da lamba da bincike. Masu adawa suka kai ƙara, suna cewa yin bindiga a gida al'ada ce da ta girmi ƙasar kanta, kuma mafi yawan masu yi maharba ne da masu wasan harbi. Ran 26 ga Maris na 2025 Kotun Ƙoli, da alƙalai 7 a kan 2, ta tabbatar da ƙa'idar.

Har yanzu dokar tarayya ba ta hana mutumin Pleasant Garden da ba shi da wani laifi ya harhaɗa bindiga don amfanin kansa ba, saɓanin Nijeriya inda dokar 1959 ta hana ƙera ta sai da izinin hukuma. A zamanin Lamb da Gardner, wahalar aikin ita ce ke taƙaita masu yi, kuma mai saye da maƙeri sun san juna ido da ido. Yanzu da inji ya ɗauke wahalar, lambar da ke jikin uwar bindiga da rajistar dillali su ne kaɗai hanyar da ta rage ta sanin inda bindiga ta fito da hannun wanda ta shiga.