Tsufa a Shagari, daga rumbu zuwa kuɗin magani

A yankinmu na Shagari da Boɗinga, rumbu ne madogarar tsoho a da. 'Ya'ya maza na noma gandu, maigida na riƙe da ikon gero har ƙarfinsa ya ƙare. Mai hali da talaka wanzami ɗaya ke yi musu ƙaho, sassaƙe ɗaya suke jiƙawa. Ba na cewa babu bambanci, don wani na shan fura da nono, wani kunu tsurarsa. Amma ratar ba ta kai ta yau ba.

Farin 1973 ya kwashe dabbobi, samari suka ƙara yawan tafiya cin rani, gandu ya soma watsewa. Tsuke bakin aljihu na 1986, zamanin Babangida, ya sa magani ya yi tsada. Inshorar lafiya da ta fara aiki a 2005 kuwa ma'aikata ta fi rufa wa asiri, tunda manomi ba shi da albashin da za a yanka.

Tsohon shugaban ƙasa Alhaji Shehu Shagari, haifaffen garin Shagari a 1925, ya kai shekara 93, ya rasu a Asibitin Ƙasa na Abuja a 2018. Allah ya jiƙansa, kwana na Allah ne. Sai dai na san tsofaffin da hawan jini ya kwantar, ko yanar ido ta hana su gani, saboda kafin a kai su asibiti a Sakkwato sai an sayar da akuya. Wanda ba shi da akuyar, jiƙo zai ci gaba da sha.