Ma'anar Cin Gashin Kai a Kiɗan Indi-Fok na Amurka, 2002-2021

Sunan Indi-Fok ya haɗa kalmomi biyu na Ingilishi. "Indi" tana nufin cin gashin kai, wato mawaƙi ya naɗi waƙarsa ya fitar da ita ba tare da manyan kamfanonin faifai sun ɗaure masa gindi ba, "fok" kuwa waƙoƙin gargajiya ne da ake rerawa da jita ko banjo marasa lantarki, waɗanda aka gada kaka da kakanni har ba a san wanda ya ƙaga da yawansu ba. Wannan nazari yana da ra'ayin cewa duka ma'anonin biyu sun sauya a hannun mawaƙan wannan zamani.

Sauyin farko ya shafi yadda ake yin waƙar. Sam Beam, wanda ke waƙa da sunan Iron & Wine, a gidansa ya naɗi faifansa na farko da ƙaramar na'ura, kamfanin Sub Pop na birnin Siyatul ya fitar da shi a 2002. Justin Vernon ya fi shi zurfi a wannan hanya, domin bayan ƙungiyarsa ta watse kuma ya sha jinya, sai ya keɓe kansa a ɗakin farautar mahaifinsa a jihar Wiskonsin a lokacin hunturu na 2006 zuwa 2007, inda ya naɗi mafi yawan faifan For Emma, Forever Ago da sunan Bon Iver. Dabararsa ita ce ya rera da siririyar murya, ya naɗa, ya sake ɗora wata muryar a kan ta farko sau da yawa, har mai sauraro ya ɗauka taron jama'a ne ke waƙa, alhali mutum ɗaya ne ya zama jagora kuma ya zama 'yan amshin kansa. A nan ne ƙarfin salon yake, domin waƙar da asalinta ta taro ce ta koma hanyar bayyana kaɗaici da ɓacin rai na mutum guda, kuma wannan gudummawa ce da ta cancanci a ɗauke ta da muhimmanci.

Sauyi na biyu na kasuwa ne. Vernon da kansa ya fara fitar da faifan a 2007, kafin ƙaramin kamfanin Jagjaguwar ya sake buga shi a 2008, sai ga shi a 2012 ya karɓi kyautar Grammy ta sabon mawaƙi mafi fice. Shi kansa Sub Pop, tun 1995 kamfanin Warner ke riƙe da kashi 49 cikin ɗari nasa. Akwai masu riƙe da tsohuwar ma'anar, irin su Sufjan Stevens da ke fitar da ayyukansa ta Asthmatic Kitty, kamfanin da suka kafa da mijin mahaifiyarsa a 1999, amma da Taylor Swift ta fitar da Folklore a 2020 ƙarƙashin kamfanin Republic, reshen babban kamfanin Universal, tare da Vernon a ɗaya daga waƙoƙin, kuma faifan ya ci kyautar Grammy ta faifan shekara a 2021, ya bayyana cewa a yau Indi-Fok sunan salon sauti ne fiye da sunan tsarin mallaka.